Kunnen da Ya Dawo

Kunnen hagun Selwyn Noreiga ya mutu ne kashegarin sabuwar shekara, ba ciwo, ba zazzaɓi, ba faɗuwa. Yana kwance da na dama a cikin matashi, sai ya buɗe ido ya ga rana ta yi sama, abin da bai taɓa faruwa da shi ba, don rediyon maƙwabcinsa ke tashin duk layin tun ƙarfe shida. Da ya ɗaga kai sai ga rediyon yana ta zuba kamar kullum. Ya mayar da kai, duniya ta sake yin tsit, ban da wata siririyar ƙara can ciki da ba ta yankewa. Ya tashi ya girgiza kai, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya zura ɗan yatsa. Matarsa Merlene ta leƙo daga kicin ta tambaye shi ko rawar Kanifal, bikin kiɗan nan na shekara-shekara, ya fara tun yanzu, ya ce ruwa ne ya shige masa kunne wajen wanka.

Shekara arba'in da ɗaya Selwyn yana saita muryar gangar ƙarfe a Laventille, wata unguwa a kan tudu a gefen birnin Port of Spain. A kawo masa duron mai, ya lotsa gindinsa da guduma har ya koma kamar kwano, ya zana gidajen sauti, ya ƙona, sannan ya zauna da ƙaramar guduma da wata gajeriyar sanda mai roba a bakinta, ya taɓa, ya saurara, ya ɗan daka, ya sake saurarawa. Kowane mai wannan aiki yana da kunnen da yake karkatawa kan ganga, nasa kuwa na hagu ne. Har wuyansa ya saba, a coci ma a karkace yake zama. Samarin yanzu na'ura suke ajewa a gefe ta nuna musu ko sauti ya hau daidai. Shi kam cewa yake na'ura tana iya gaya maka sauti ya yi daidai, amma ba ta san ko yana da daɗi ba.

A wannan sana'a mutum yana iya ciwon baya, ko ciwon suga, ko ma a yanke masa ƙafa, a zo a gaishe shi da ayaba da lemo. Ciwon kunne ne kawai ba a yi. Selwyn yana saurayi ya ga yadda aka yi da Boysie Lezama, gwanin da ba a taɓa yin kamarsa a kan tudun nan ba. Wani ne ya gan shi yana fitowa daga wurin likitan kunne, ashe datti kawai aka wanke masa. Kafin Kanifal na gaba babu ƙungiyar makaɗan da ta kawo masa ko ganga ɗaya. Ya mutu yana gadin wani shagon taya, kunnensa kuwa ras, yana jin faɗuwar allura. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Saboda haka Selwyn ya ja bakinsa ya tsuke.

Kwana tara ya yi yana fama da abinsa. Ya ɗiga man kwakwa mai ɗumi, ya ɗiga ruwan wani ganye da Merlene ta gasa ta matse, ya tsuguna kan tukunyar ruwan zafi ya lulluɓa da tawul. Ita Merlene ta gane tun kwana na biyu, don ba ka zama da mutum shekara talatin da biyar ka kasa sanin lokacin da yake jin ka da lokacin da yake gyaɗa kai kawai. Ta yi magana, ya ce a bari bayan Kanifal. Rana ta tara wata tasi ta sauko daga tudu ta gefen hagunsa tana ta hon, bai ji ba sai da madubinta ya daki gwiwar hannunsa. Da yamma Merlene ta goge masa riga ta rataye, ta ce gobe za su ga likita, in kuwa ya ƙi, ita da kanta za ta gangara filin ganga, inda makaɗa suke gwaji, ta faɗa wa kowa. Ya yarda, amma da sharaɗin ba a Port of Spain ba. Sai da suka shiga mota har garin San Fernando mai nisa, inda yake ganin ba wanda ya san fuskarsa.

Likita Ramkissoon 'yar ƙaramar mace ce mai furfura a gaban goshi, ba ta da lokacin lallashi. Ta sa shi a wani ɗan ɗaki, aka ɗaura masa abin ji a kai, aka ce ya danna maɓalli duk lokacin da ya ji ƙara. Da dama ya danna har ya gaji. Da hagu ya zauna yana jira, yana jira, har aka buɗe ƙofa. Ta duba takardar gwajin, ta tambaye shi kwana nawa, ya ce tara. Ta cire tabarau ta ce irin wannan ciwo ana son a gan shi ranar da ya fara, don jijiyar da ke can ciki ce ta sume, kuma duk kwanan da ya wuce sai farfaɗowarta ta ƙara wuya. Ta rubuta masa ƙwayoyin sitiroyid na sati biyu, ta ce ya nisanci ƙara. Merlene ta yi wata 'yar dariya marar daɗi da ta ji wannan.

Ƙwayoyin sun yi aiki a ko'ina ban da kunnen. Fuskarsa ta kumbura, sugansa ya hau, ya riƙa cin abinci kamar mai gyaran hanya, ya riƙa faɗa da kowa har da kyanwar gidan. Garvin, kyaftin ɗin ƙungiyar makaɗan da Selwyn yake wa aiki tun ana ɗaukar ganga a wuya, ya hauro sau biyu ya ce gangunan sun fara saki, yara suna dukansu kowace rana, gasar makaɗa ta Kanifal kuma tana matsowa. Merlene ce ta tare shi a baranda ta ce hawan jini ne, likita ya ce hutu. Ita da take karanta Zabura kowace safiya, ga ta tana zuba ƙarya ba ko ƙifta ido, kuma ta tsani Selwyn ƙwarai a kan haka. Bayan sati biyu suka koma San Fernando. Layin da ke kan takardar bai motsa ba ko kaɗan.

“Baba, ƙwaya ta ƙi,” in ji likitar. “Ba ku kaɗai ba ne, tana ƙin mutane da yawa. Saura hanya biyu, kuma ni duka biyun nake so ku bi, don lokaci ya kusa ƙure mana. Ta farko, in zuba muku maganin kai tsaye a cikin kunnen da allura, sau uku. Ta biyu, ɗakin iskar nan da ake sa masu nutso a teku, a tsibirin Tobago, kwana ashirin.”

“In na yi duka zai dawo?”

“Ban ce ba. Wasu ya dawo, wasu rabi, wasu ko kaɗan. In kuka jira bayan Kanifal kuwa, ba sai kun zo wurina ba.”

Ta ce in duk sun ƙi, akwai abin da ake maƙalawa a kunnen da ya mutu ya riƙa tura sauti zuwa mai lafiyar, akwai kuma wanda ake dasawa da tiyata. Selwyn ya tambaye ta ko da waɗannan mutum zai iya bambanta sautin da ya yi daidai da wanda ya kauce da ƙwayar gero. Ta ce an yi su ne don mutum ya ji maganar jikokinsa da hon ɗin mota. Bai sake tambaya ba.

Allurar ba ta kai yadda ya ji tsoronta ba, sai dai wulaƙanci. A kwantar da kai, a karkatar da kanka, a huda fatar cikin kunne, ka ji wani ruwa mai sanyi yana gangarawa, ɗaki ya juya da kai, ɗaci ya sauko maka maƙogwaro. Sannan a ce ka yi rabin awa haka, ba magana, ba haɗiyar yawu. Merlene tana zaune a gefe da jakarta a cinya, ta ce wa ma'aikaciyar jinyar da ma a ba ta allurar nan ta tafi da ita gida, don tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa yin rabin awa bai musa mata ba. Ya ji ta sarai da kunnen dama, ba halin ramawa.

Suka hau jirgin ruwa zuwa Tobago, suka sauka wurin yayarta Ucille, a wani ɗaki da kwandunan kamun kifi suka cinye rabinsa. Kowace safiya su shiga mota zuwa wurin ɗakin iskar. Wani dogon tulun ƙarfe ne mai 'yar taga, a rufe ka ciki da abin shaƙa a fuska, a matsa iska har kunnuwanka su yi kamar za su fashe, ka zauna awa ɗaya da rabi kana shaƙa kana kallon bango. Wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci da wani masunci da ya taso daga ƙarƙashin ruwa da gaggawa ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Masuncin ya tambaye shi a ina ya yi nutso, Selwyn ya ce a kan gadonsa. In ya fito, jikinsa kamar an yi masa duka, ya ci abin da Ucille ta dafa, ya kwanta. Merlene kuwa tana zaman jiransa a benci a waje, kwana bayan kwana, ƙafafunta suna kumbura, kajinta da ta bar wa maƙwabciya ta ji an ce biyu sun mutu. Tsakanin haka kuma sai sun tsallaka teku su koma a yi masa sauran alluran.

Garvin, da aka ce masa hutun hawan jinin ne ya kai su Tobago, yana kira kusan kullum. Da farko gaisuwa, daga baya ƙorafi. Ƙungiya ta tsallake zagayen farko da ƙyar, alƙalai sun rubuta cewa gangunan sahun gaba ba sa magana da baki ɗaya. Ya ce akwai wani mai saiti a garin Arima, mai na'ura, wasu a kwamiti suna ta ambatonsa, amma shi ya ce musu a'a, gangunan Baba Selwyn ba mai taɓa su sai Baba Selwyn. Selwyn ya san ma'anar irin wannan magana. Ya ce masa zai zo kafin gasar ƙarshe, ya kashe wayar, ya zauna yana kallon kwandunan kifi. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta, har akwai ranakun da ya ji da a ce kawai an gaya masa kunnen ya tafi, ya huta da sa rai.

A rana ta goma sha biyu, da la'asar, aka yi ruwan sama. Yana kwance da kunnen dama a matashi, sai ya ji wani abu yana ɓarɓaɗi can nesa. Ya ɗauka ƙarar nan ce ta canza salo. Sai da ya ɗaga kai ya mayar sau uku sannan ya yarda ruwa ne a kan kwanon rufi yake ji. Ya kira Merlene, ya toshe na dama da yatsa, ya ce ta yi magana. Ta kira sunansa. Ya ce ya ji. Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da gefen rigarta ta yi kuka sosai, Ucille ta shigo da ludayi a hannu tana tambayar wa ya mutu.

Ya ƙarasa kwana ashirin ɗinsa. Likita Ramkissoon ta ɗora sabuwar takarda kan tsohuwa, a karon farko ya ga haƙoranta. Ta ce kusan rabi ya dawo, kuma ga wanda ya makara kamarsa wannan ba ƙaramar sa'a ba ce. Merlene ta ce da babu gara ba daɗi, ta ce ran Lahadi za ta kai godiya coci.

Abin da bai gaya musu ba shi ne tun a jirgin dawowa ya lura da wani abu. Da jirgin ya busa ƙaho, ƙaho biyu ya ji, ɗaya a bayan ɗaya, na biyun ya ɗan yi ƙasa. Muryar Merlene ma haka, ita ce, sannan wata mata mai mura tana maimaita maganarta a gefen hagu. Ran Lahadi, bayan Merlene ta tafi coci, ya shiga rumfarsa ya sauke tsohuwar gangarsa, wadda ya san kowane sautinta kamar sunayen 'ya'yansa. Ya taɓa sauti ɗaya. Kunnen dama ya ce daidai ne. Na hagu ya ce ya sauka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ko'ina kunnuwan biyu suna gardama, kuma na hagun shi ya saba yarda da shi. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Ya kira likitar ran Litinin, ta ce hakan yana faruwa, jijiyar da ta farfaɗo ba kullum take dawowa da saitinta ba. Ta ce wani lokaci yana daidaita cikin watanni, wani lokaci ya zauna haka. Gasar ƙarshe kuwa ran Asabar ce.

Ran Alhamis da rana ya ɗauki jakar gudumominsa ya gangara filin ganga. Merlene ta biyo shi da tukunyar shinkafa da wake da kaza, kamar yadda take kai wa makaɗa kowace shekara a satin nan. Aka yi ta murna, aka tsokane shi cewa hawan jinin ya karɓe shi, ya yi kumatu kamar ɗan majalisa. Garvin ya rungume shi, ya kawo masa kujerarsa a inuwar mangwaro. Wadda ta fara kawo gangarta ita ce Jemma Alleyne, jagorar masu gangar gaba, malamar makaranta, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana kaɗa gangar da Selwyn ya ƙera mata da hannunsa. Ta ce sauti ɗaya ne kawai ya gaji, na can tsakiya, sauran lafiya.

Ya karkata kai yadda ya saba, ya zagaya gangar da sanda. A bakin da'ira ya ji wani sauti ya sauka ƙasa warwas, har ya ji haushin yadda Jemma ba ta lura ba. Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya juya gangar, ya daka daga ƙasa sau biyu, ya taɓa, har yanzu a ƙasa, ya ƙara ɗaya.

“Baba,” in ji Jemma, “wannan lafiyarsa ƙalau. Na tsakiya na ce.”

Ya ɗaga guduma zai ƙara, ta ɗora tafin hannunta a kan gangar. Ta karɓi sandan daga hannunsa, ba da rashin kunya ba, ta taɓa wurin. Ko yaran da ke wasa a bakin ƙofa sun san an ɓata shi. Sautin ya haye sama, ya yi tsami, kamar an taka wutsiyar kare. Masu gwaji a can baya suka dakata ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi ƙoƙarin wasa, ya ce Baba bai warware daga jirgi ba, amma ba wanda ya taya shi dariya.

Selwyn yana iya cewa gwaji yake yi. Yana iya cewa jiri ne ya ɗebe shi, ya tashi ya tafi gida, a kira na Arima, sunansa ya zauna lafiya a matsayin tsohon da hawan jini ya kayar. Ya yi wannan tunanin, ya ga ya fi sauƙi. Amma gangar Jemma tana gabansa a ɓace, saura kwana biyu gasa, kuma ya san mai na'ura zai mayar da sautin kan layi ne kawai, ba zai mayar masa da zaƙinsa ba. Ya kira Merlene, ya tambaye ta ko har yanzu akwai audugar asibiti a jakarta.

Ta tsaya da cokalin zuba abinci a hannu. Ta dube shi, ta dubi gangar, ta gane abin da bai gaya mata ba tun daga jirgi.

“Sati bakwai, Selwyn,” ta ce a hankali. “Allura uku. Kwana ashirin ina zaune a bencin nan.”

“Na sani, Merlene. Amma kunnen ƙarya yake yi mini.”

“A gaban mutane?”

“Ai sun riga sun ji.”

Ta aje cokalin, ta goge hannu, ta buɗe jaka. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta buge hannun. Ita da kanta ta mulmula audugar, ta kama kunnen da ta yi wa kuka a ɗakin yayarta, ta cusa, ta danna da babban yatsa har ta zauna. Fara tas, ana hango ta daga bakin titi. Sannan ta koma wurin tukunyarta ta ci gaba da zuba wa mutane abinci, tana tambayar kowa ko yana son ƙarin miya, ba ta kallon fuskar kowa.

Audugar ba ta kashe muryar ƙaryar gaba ɗaya ba, amma ta tura ta nesa. Selwyn ya ja kujera ya koma ɗaya gefen gangar, ya kawo kunnen dama, wanda shekara arba'in da ɗaya yana zaman ɗan rakiya. Aikin minti biyar ya ci masa kusan awa ɗaya. Yana taɓawa, yana shakka, yana sake taɓawa, gumi yana ɗiga a kan ƙarfen. Ya sauko da sautin da ya ɓata, sannan ya ɗaga na tsakiyar da aka kawo gangar dominsa. Jemma ta rataya ta, ta kaɗa baiti guda, ta sake kaɗawa da ƙarfi. Ta ce ya yi, Baba, kuma gaskiya ta faɗa, ya yi.

Ya goge fuska, ya ce a kawo ta gaba. Ganguna sittin da wani abu ne a filin, kowacce da mai ita tsaye a bayanta. Wannan ya duƙa yana ɗaure takalmi, wancan ya tafi karɓar abinci. Garvin yana can bakin ƙofa, ya juya baya, waya a kunne, yana magana ƙasa-ƙasa, abin da ya tuna wa Selwyn mai saitin Arima. Selwyn ya sake cewa a kawo ta gaba, da ɗan ƙarfi, ko ba su ji ba ne. Ya zauna da guduma a cinya yana jira.